Shirin Tafiya Daga Sakkwato Zuwa Wurno, Rabah Da Goronyo

Gabas da birnin Sakkwato akwai garuruwa uku waɗanda kullum safiya ba a rasa mai haramar zuwa ɗayansu, watau Wurno da Rabah da Goronyo. Wani ziyara ce za ta kai shi, wani fatauci, wani kuwa ma'aikacin Gwamnati ne da aka sauya wa wurin aiki, ko ɗan makaranta mai komawa gida hutu. Duk cikinsu babu mai nisa. Rabah da Wurno ba wadda ta kai kilomita 60 daga Sakkwato, Goronyo kuwa da ta fi su nisa ba ta cika 100 ba. Wannan kusanci shi ke ruɗin baƙo. Sai ya ce ai nan da nan ne, bari ya gama sha'aninsa na cikin gari, ya ci abincin rana, sa'an nan ya kama hanya. Mutanen ƙasar ba su yin haka. Su ba kilomita su ke ƙidaya ba. Abin da su ke dubawa shi ne watan da a ke ciki, da ranar mako, da sa'ar tashi, da kuma labarin da direbobin jiya suka komo da shi.

Yadda Ƙasar Ta Ke

Kafin mutum ya tsara tafiyarsa ya kamata ya san garuruwan nan uku ba bisa layi ɗaya su ke ba. Gulabe biyu suka raba su. Gulbin Rima ya gangaro daga wajen Isa da Sabon Birni, inda Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi suka haɗu, ya bi ta Goronyo, ya wuce ƙarƙashin tudun Wurno, ya nufo Sakkwato. Gulbin Sakkwato kuwa daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau, ya shiga madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, ya fito ya bi ta Rabah, sa'an nan ya sadu da Rima dab da birnin Sakkwato. Ke nan Wurno da Goronyo gulbinsu ɗaya, Rabah nata dabam.

Babbar hanyar mota ta bi yadda gulaben suka yi. Daga Sakkwato ta miƙe arewa maso gabas ta Acida da Marnona zuwa Goronyo, daga can ta zarce Sabon Birni da Isa. A Marnona wata hanya ta rabu ta nufi Isa ta cikin dajin Gundumi. Rabah tana kudu da wannan babbar hanya, a bakin nata gulbi, sai mutum ya nufe ta musamman. Saboda haka wanda ya ce zai haɗa duka uku cikin yini guda, rabin yininsa zai ƙare wajen komawa da baya, ba kuwa inda zai zauna ya sha ruwa a natse. Abin da ya fi shi ne a ba Rabah yininta ita kaɗai, a haɗa Goronyo da Wurno a wani yini.

A wannan yini na biyu ma akwai dabara. A fara da na nesa. Matafiyi ya wuce kai tsaye zuwa Goronyo da sanyin safiya, ya gama abin da ya kai shi, sa'an nan ya biya ta Wurno a kan hanyarsa ta dawowa. Ta haka, duk sa'ad da rana ta ƙara karkata, shi kuma yana ƙara kusantar gida. Wanda ya yi akasin haka, yamma za ta riske shi a wuri mafi nisa.

Watan Tafiya

Shekarar wannan ƙasa kashi uku ce ga mai mota. Damina kan sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba, ruwan kuwa ya fi ƙarfi a Agusta. A lokacin nan kwalta ta kan zaizaye daga gefe, ramuka su cika da ruwa har ba a sanin zurfinsu, hanyoyin burji masu shiga ƙauyuka kuma su jiƙe, laka ta riƙe mota. Babban haɗari shi ne ruwa mai gudu bisa kwalbati. Direba ya kan ga kamar bai kai gwiwa ba, alhali ƙasar da ke ƙarƙashin kwaltar ta riga ta tafi. In an iske ruwa ya hau hanya, sai a tsaya a jira, a tambayi mutanen wurin, a ga wata mota ta ƙetare lafiya tukuna. Ruwan kwazazzabo ba ya daɗewa, sau da yawa jiran sa'a ɗaya ko biyu ya isa.

Rima kanta ba abin wasa ba ce. A watan Satumba na 2010 ta yi ambaliyar da ta cinye ƙauyuka da gonaki tun daga ƙasar Goronyo har Sakkwato, ta karya gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Agusta na 2025 kuma wani jirgin ruwa da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife da su. Wanda tafiyarsa za ta kai shi ƙetaren gulbi da damina, kada ya shiga jirgin da ya riga ya cika, ko da shi ne na ƙarshe a mashigin.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne. Hanya ta bushe, mota ba ta zafi, fadamu sun yi kore da shukar rani. Wannan shi ne lokacin da ya fi daɗin tafiya. Aibinsa ɗaya, hazo. Wata safiya ƙura kan rufe gari har direba ba ya hangen abin da ke gabansa sai ya zo kansa, ga amalanke da jakai da raƙuma masu kai kaya kasuwa, ba mai fitila a cikinsu. Ran da aka tashi da hazo sai a kunna fitila ko da rana ce, a rage gudu, a bar tsere wa motar gaba.

Bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya kan wuce digiri 40. Taya mai tsufa a lokacin ta ke fashewa, lagireto ya tafasa, direba ya yi gyangyaɗi bayan azahar. Mai tafiya da yara ko tsofaffi a waɗannan watanni ya ɗauki ruwan sha ninki biyu na abin da ya ke tsammani zai ishe su.

Ranar Kasuwa

Kasuwar Acida Laraba ta ke ci, ta Goronyo kuwa Lahadi. Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Wanda ba shi da motar kansa, ranar kasuwa ce ranarsa, gama motocin haya su kan yi yawa, ba a daɗewa ana jiran fasinja su cika, da la'asar sakaliya kuma ba a rasa motar dawowa. Amma mai motar kansa da ke sauri, ran Laraba ya sa a ransa zai ɓata lokaci a Acida, inda manyan motocin shanu da na hatsi da masu kabu-kabu su kan toshe hanya, mutane da dabbobi suna ƙetarawa ta ko'ina.

Mai shiga motar haya ya shiga a tasha, inda 'yan ƙungiyar direbobi suka san motar, suka san mai tuƙa ta. Motar da aka tsayar a bakin hanya ta kan fi araha, amma in wani abu ya faru babu wanda zai ce ya ga tashinta. Ya kuma dubi lodin kafin ya zauna. Motar da aka ɗora wa buhunan albasa har bayanta ya dusa ƙasa, birkinta ba zai kama yadda ya kamata ba, ko direban gwani ne.

Labarin Hanya

Nan ne maganar ta fi nauyi, ba kuwa amfani a ɓoye ta. Tun wajen 2018 'yan bindiga da ke fakewa a dazuzzukan iyakar Sakkwato da Zamfara suka addabi gabashin jihar. A watan Yuli na wannan shekara suka kai hari Tabanni, a ƙasar Gandi ta Ƙaramar Hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30. Ran Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, suka faɗa wa kasuwar Goronyo da yamma, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Disamba na 2021 kuma suka tare wata motar fasinja a ƙasar Sabon Birni suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Har yanzu ba a ce ƙura ta lafa ba.

Gwamnati ta ɗauki matakai iri iri, waɗansunsu kuwa sun shafi matafiyi kai tsaye. A watan Satumba na 2021 Gwamnatin Jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta ce masu zuwa Isa su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Ta hana sayar da man fetur cikin jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama. A cikin watan nan kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Rabah da Goronyo. Irin waɗannan dokoki a kan sa su, a kan ɗage su, gwargwadon yadda hali ya yi. Abin da matafiyi zai koya daga gare su shi ne, hanyar da ya bi bara ba lalle ne a bar shi ya bi ta bana ba, wayar da ke aljihunsa kuma ba abin dogara ba ce dungum.

To, ina za a sami labari? Ba a taswirar da ke cikin waya ba. Ita gajeriyar hanya kaɗai ta sani, ba ta san wadda aka daina bi ba, ta kan kuwa jefa baƙo cikin daji da sunan yanke. Labarin gaskiya yana tasha, wurin direbobin da suka kwana a Goronyo ko Rabah suka shigo da safe. Yana kuma wurin mai masauki, wanda ya kamata a kira shi tun daren jiya, a sake kiransa da safe kafin a tashi. Matambayi ba ya ɓata. In mai masauki ya ce a dakata, sai a dakata, ko da ɗaurin aure ne za a rasa.

Sa'ar tashi ma tana da ƙa'ida. Sammako yana da kyau, amma ba na asuba ba. Direbobin da suka san hanyar ba su son zama na farko a kanta. Su kan bari gari ya waye sarai, su ga motoci sun fara fitowa daga gabas, gama motar da ta fito daga can shaida ce hanya a buɗe ta ke. Haka kuma in ana cikin tafiya aka ga an daɗe ba a gamu da mota ko babur daga gaba ba, ko aka ga masu tahowa suna wasa da fitila suna nuni da hannu, sai a tsaya a gari mafi kusa a tambaya. Wajen dawowa, rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 da rabi da hunturu, wajen ƙarfe 7 da damina. Mai hankali ya kan so ya ga Sakkwato tun da sauran rana mai yawa, watau ya baro Goronyo ko Rabah kafin la'asar. Wanda sha'ani ya riƙe shi har ya wuce haka, ya kwana cikin gari ya fi masa.

Akwai shingayen soja da na 'yan sanda a hanyar. A rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a yi sallama, a amsa tambaya ba tare da gardama ba. Kada a ɗauki hoton shinge. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, direba kuma ya riƙe lasisi da takardun mota da na inshora. Kafin a bar gida a gaya wa wani inda za a, da hanyar da za a bi, da sa'ar da a ke sa ran dawowa. Falken da zai sayi dabba ko albasa ya bar yawancin kuɗinsa a banki, ya riƙe 'yan kaɗan a hannu saboda ran da na'urar cire kuɗi ta rasa layi. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuwa 122.

Mota

Maganar mota gajeriya ce. A kai ta gareji tun jiya, ba da safiyar tafiya ba. A duba birki da fitilu da baƙin mai da ruwan lagireto da fambel, a gwada iskar tayoyi har da ta ajiya, a tabbata jak yana ciki. A cika tanki a Sakkwato. Ƙaramar mota kan sha misalin lita ɗaya a kilomita 10, zuwa madatsar Goronyo da dawowa kuwa ya kusa kilomita 200, watau lita 20 ke nan ba a sa ratse ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 wannan lissafi ya zama babban abu a kuɗin tafiya, shi ya sa mutane su kan haɗu uku ko huɗu su raba. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 80 a sa'a bisa babbar hanya, 50 cikin gari. A garuruwan da yara ke tallar ruwa da gyaɗa a bakin kwalta, 50 ɗin ma ta yi yawa.

Abin Da Za A Gani

Wurno ta cancanci a zauna mata. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ta wajen 1830 don ta zama ribaɗi, watau garin tsaron iyaka, ta fuskar Gobir. Wanda ya tsaya bakin tudun garin ya dubi fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinsa, nan take zai gane dalilin zaɓen wurin, gama ba rundunar da za ta taso daga arewa ba a hango ta ba. Bello ya so garin har ya mai da shi mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa ya ke, jama'a suna ziyara. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a Wurno ya fi zama. A zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin a 1853. A 1885 kuma Bature Joseph Thomson ya iske Sarkin Musulmi Umaru a nan don neman yarjejeniyar ciniki. A wancan zamani tsakanin Wurno da Sakkwato tafiyar yini ce bisa doki. Hakimin garin shi a ke kira Sarkin Sudan. Mai ziyarar hubbare ya tuɓe takalmi, ya gai da masu tsaron wurin, ya nemi izini kafin ya ɗaga wayarsa don hoto. In kuwa lokacin girbin rani ne, kada ya fita garin bai sayi tafarnuwa da albasa da shinkafa ba, don su ne arzikin fadamar.

Rabah ita ce mahaifar Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A nan aka haife shi a 1910, mahaifinsa Ibrahim yana hakimin garin. Kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, ɗan Muhammadu Bello ne kuwa. Ke nan wanda ya ga Wurno ya ga Rabah, gida ɗaya ya zagaya. Bayan ya gama Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa Ahmadu hakimin Rabah a 1934, ya zama Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Waɗansu baƙi su kan zo suna neman kabarinsa a Rabah. Ba nan ya ke ba, yana Kaduna, garin da aka kashe shi ran 15 ga Janairu, 1966, a gidan da yanzu a ke kira Gidan Arewa. Daga Rabah hanya ta zarce Gandi da Bakura, amma wannan ba ta baƙo ba ce sai da ja-gora da labari tabbatacce.

Goronyo kuwa ruwa ne ya fito da sunanta. Madatsar tana misalin kilomita 25 gabas da garin. An gama gininta a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangonta kilomita 12 da rabi ne, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 900 da ɗoriya, kowane kubik mita kuwa lita 1,000 ne. Daga gare ta a ke sakin ruwan da manoman rani na kwarin Rima ke ban ruwa da shi, da wanda birnin Sakkwato ke sha. Shi ya sa a 2018, sa'ad da ruwanta ya janye har ya rage kamar kashi ɗaya cikin goma, hankalin mutanen birni ya tashi kamar na manoman. Wani abin mamaki kuma, masana ilmin ƙasa sun ce fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce teku ce ta rufe wannan yanki. A cikin duwatsun ƙasar Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai dogon baki irin na kada, a 1972 waɗansu masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, sunan garin ya shiga littattafan kimiyya na duniya.

Madatsar wurin aikin Gwamnati ce, akwai masu tsaro, ba a shiga sai da izini. Wanda ke son ganinta ya nemi izinin tun daga ofishin Hukumar a Sakkwato, ya kuma tambaya a Goronyo ko hanyar madatsar tana biyuwa a ranar. Kilomita 25 ɗin nan zuwa ne kawai, akwai wasu 25 na dawowa gari kafin a kama hanyar Sakkwato. In azahar ta yi mutum bai baro bakin ruwan ba, sai ya bar Wurno sai wata rana.